Amsoshin tambayoyinku: Waya ta haɗu da HC-05, amma famfon gona ya ƙi tashi

Wasiƙun wannan makon uku ne, kuma duka daga yankin noman rani suka fito. Ta farko ce ta fi tsawo, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Tambaya daga Kura: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, hutu ya dawo da ni gida. Babana yana noman tumatir da albasa, yana da famfo mai amfani da sola a bakin gona. Na sayi Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da HC-05 (ƴar na'urar Bluetooth mai haɗa shi da waya) da rile (maɓallin wuta da Arduino ke kunnawa da kashewa), ina so ya riƙa kunna famfon da wayarsa. Wayar ta ga HC-05, na sa lambar sirri 1234, sun haɗu. Amma in na tura 1, sai wasu alamomi marasa kan gado su fito a kwamfuta, wani sa'in kuma shiru. Abokina ya ce laburaren SoftwareSerial (shiryayyen kod da Arduino ke magana da HC-05 da shi) ne ya tsufa, wai in sayi ESP32 (wani allo mai Bluetooth a jikinsa). Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne kawai. In saya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Tunda waya ta ga HC-05 har ta karɓi 1234, rediyon da ke cikinsa lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakanin HC-05 da Arduino, a wannan ɗan tsakanin da bai fi taƙi ɗaya ba, kuma can ɗin ba sai an kashe ko sisi ake gyara shi ba.

Alamomin nan da kake gani kusan kullum abu ɗaya suke nufi: ɓangarorin biyu ba su daidaita gudun magana ba. HC-05 yana fitowa daga kamfani yana magana da gudun 9600. Amma in an riƙe ɗan maɓallinsa aka ba shi wuta, yana shiga yanayin saiti, wanda ake kira AT, kuma a can gudunsa 38400 ne. Za ka gane ya shiga can idan fitilarsa ta daina ƙiftawa da sauri, ta koma ƙiftawa a hankali, kamar sau ɗaya a daƙiƙa biyu. Darussa da yawa na intanet an rubuta su ne don yanayin saitin, yaro ya kwafo 38400 ya liƙa a kod ɗinsa, alhali na'urarsa tana yanayin aiki. Duba wurare uku: lambar da ka ba SoftwareSerial, lambar da ka ba Serial mai zuwa kwamfuta, da lambar da ke ƙasan tagar Serial Monitor, inda saƙon ke fitowa a kwamfuta. Ta farko dole ta dace da HC-05, biyun ƙarshe kuma su dace da juna.

Shirun da kake samu wani lokaci kuma labarinsa daban. Kafin ka taɓa kod, yi wannan gwajin. Cire HC-05 daga Arduino, ka bar masa wuta kaɗai, wato VCC da GND. Ɗauki guntuwar waya ka haɗa ƙafar TX ɗinsa, mai tura saƙo, da RX ɗinsa, mai karɓa. Buɗe manhajar Serial Bluetooth Terminal a wayarka, ka rubuta "sannu" ka tura. In "sannu" ta dawo maka, ka wanke waya, ka wanke manhaja, ka wanke HC-05 a minti biyu. Abin da ya rage sai wayoyin haɗi da kod.

A wayoyin haɗin, TX na HC-05 yana zuwa ne RX na Arduino, RX kuma ya je TX. Baki da kunne ake haɗawa. In ka rubuta SoftwareSerial da 10 da 11, lambar farko ita ce kunnen Arduino, ta biyu bakinsa. Ƙafar RX ta HC-05 bolt 3.3 take so, Uno kuwa 5 yake turawa, don haka sa rezisto biyu su rage wutar, 1k daga ƙafa ta 11 zuwa RX, 2k daga RX zuwa GND. Kada ka yi amfani da ƙafa 0 da 1 na Uno, domin su ne hanyar USB. In HC-05 yana kansu, lodin kod ma yakan ƙi shiga.

Na taɓa ɓata yini guda a wata gona wajen Kadawa a kan irin wannan shirun. Na sauya gudu, na sauya kod, har na fara zargin wanda ya sayar mana da kayan. Da la'asar, mai gonar ya kawo mana ruwa, hannunsa ya taɓa allon gwajin, mai ramukan nan da ake soke wayoyi, sai saƙo ya shigo. Ashe ɗaya daga cikin siraran wayoyin nan masu launi ce ta tsinke daga ciki, robarta kuwa sumul. Tun ranar nake sa mitar awon wuta a kan kowace wayar haɗi kafin in zargi laburare. Allon gwaji kuma na ɗaki ne. Ƙurar hunturu tana shiga ramukansa. Abin da zai zauna a gona, a like shi da dalma a sa shi cikin akwatin roba.

A kod ɗin, abu biyu ne suka fi kama yara. Manhajar waya takan ƙara alamar ƙarshen layi bayan abin da ka tura, don haka Arduino yana karɓar 1 da wasu haruffa biyu da ido ba ya gani. In kod ɗinka ya ce "duk abin da ba 1 ba, kashe famfo", to zai kunna ya kashe nan take. Na biyu shi ne delay mai tsawo, wato umarnin da ke sa Arduino ya dakata. SoftwareSerial yana da rumbun ajiya na haruffa 64 kacal; in Arduino yana barci rumbun ya cika, sauran saƙon zubewa yake. A gudun 9600 laburaren nan yana aikinsa lami lafiya. A 115200 ne yake fara tuntuɓe, kai kuwa ba ka da buƙatar wannan gudun don tura 1 da 0.

Magana ɗaya da na fi so ka riƙe, domin rai ya fi famfo: kada ka ɗora wutar famfon kai tsaye a kan ɗan rile mai shuɗin akwati. Wutar da ke saukowa daga falankan sola zuwa famfo tana iya kisa, tana kuma ƙona bakin rile. Yawancin akwatunan sarrafa famfon sola suna da ƙafafu biyu na maɓallin tanki, wanda ke tsayar da famfo in tanki ya cika. A can za ka sa rilenka, kuma ka kira mai gyaran da ya kafa famfon ya tsaya a kai.

Sai dai ka auna nisa kafin ka ci gaba. HC-05 bai wuce kimanin mita 10 ba. In Baba zai zauna a inuwar bukka kusa da famfo, ya isa. In daga gida kake so ya kunna, ko ka sayi ESP32 Bluetooth ba zai kai ba. Karanta amsa ta gaba.

Tambaya daga Auyo: "Malam, shinkafa nake nomawa, injina yana nesa da bukkata kamar rabin kilomita. Ɗana ya haɗa mini HC-12 (ƴar na'urar rediyo mai tura saƙo nesa) guda biyu. A kan tebur ɗaya suna magana, da an fita ƙofar gida sai su yanke. Ɗaya a Kano aka saya, ɗayan wani ya kawo mana daga baya. Mu koma LoRa (wani nau'in rediyon mai cin dogon zango) ne?"

Alhaji, jimlarka ta ƙarshe kafin tambaya ita ta ja hankalina. HC-12 yana aiki a zangon rediyo na 433 MHz, kuma a fili fetal yana iya kaiwa kusan kilomita ɗaya, don haka rabin kilomita bai fi ƙarfinsa ba. Amma akwai kwaikwayonsa a kasuwa waɗanda zangonsu ya ɗan kauce, sai ka ga biyu daga buhu daban suna jin juna kusa, nesa kuma kurma. Kafin a yanke hukunci, ɗanka ya haɗa ƙafar SET da GND, ya tura AT+RX ga kowanne, ya tabbatar tasha da gudu da yanayin aiki iri ɗaya ne, gudun kuma ya tsaya a 9600, domin ƙara shi yana rage nisa. Ya duba eriya: a like ta da dalma, ko a sa miƙaƙƙiyar waya mai tsawon santimita 17, a ɗaga ta kan gora sama da kai. Katangar ƙasa da rufin kwano da bishiyoyi duk suna cin saƙo. Ya kuma sa kafasita, wato ƴar ma'ajiyar wuta, a bakin wutarsa, don yana zuƙar wuta lokacin turawa. In an yi duk wannan bai gyaru ba, a sayi sababbi biyu a shago ɗaya, rana ɗaya, daga leda ɗaya. LoRa ya fi nisa, gaskiya ne, amma ya fi tsada kuma sai an sake kod ɗin da wani laburare. A lura kuma, wayar hannu ba ta magana da HC-12. Maɓalli za a yi maka a bukka.

Tambaya daga Kazaure: "Yaya, aikin kammala karatu nake yi. Na aika aka sayo mini ESP32 a Sabon Gari, amma kod ɗin BluetoothSerial ya ƙi haɗuwa, yana cewa babu Bluetooth."

Ƙanwata, karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen. Ina kyautata zaton za ki ga C3 ko S3. Laburaren BluetoothSerial yana aiki ne da tsohon nau'in Bluetooth, kuma ESP32 na asali ne yake da shi, wanda galibi aka rubuta WROOM-32 a jikinsa. C3 da S3 nau'in BLE, wato sabon Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, kaɗai suke da shi, S2 kuwa ba shi da Bluetooth sam. In mai shago zai yarda, ki musanya. In malamin da zai duba aikin iPhone yake riƙewa, ki bar C3 ɗinki ki koyi BLE, domin iPhone ba ya hira da BluetoothSerial ko HC-05. In kin musanya sai aka ce kod ya yi wa allon girma, shiga Tools a manhajar Arduino ta kwamfuta ki zaɓi Huge APP a wajen rabon ma'ajiya. Wayarki kuma in Android 12 ce ko sama, ki ba manhajar izinin ganin na'urorin da ke kusa, in ba haka ba ko sunan allon ba za ta nuna miki ba.