Masu Kula da 'Ya'yanmu a Makarantun Amurka Bayan Malamin Aji

Yaya, tambayar da ka yi mini kan dalilin da ya sa muke barin 'ya'yanmu su kai damuwarsu ga ma'aikatan makaranta tana kan hanya, domin duk wanda ya ji cewa 'ya'yanmu a nan Amurka suna zama da wani ma'aikacin makaranta su faɗa masa damuwarsu, alhali iyayensu na raye, dole ya yi tunanin ko mun saki ragamar tarbiyya ne. Ba mu sake ta ba, amma zaman ya koya mana cewa ma'aikata iri uku ne ke riƙe da lafiyar yaro a makaranta bayan malamin aji, kuma ba lokaci ɗaya al'ummarmu ta amince da su ba.

Nas ɗin makaranta ba ta sha wahalar samun karɓuwa a wurinmu ba, saboda aikinta a fili yake. Tun a shekarar 1902 birnin Niyok ya ɗauki Lina Rogers a matsayin nas ta farko a makarantunsa, bayan an lura cewa ana korar yara gida saboda cututtukan da za a iya magance su cikin sauƙi, su kuma yi ta rasa karatu. A yau ita ce ke ajiye abin shaƙar mai asma, tana duba sukarin mai ciwon suga, tana bin takardun rigakafi. Mu da cutar sikila ta yi yawa a cikinmu mun fi kowa sanin darajarta. Ƙarƙashin sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973, ana rubuta wa irin wannan yaro yarjejeniya cewa zai riƙe gorar ruwa a aji, zai fita bayan gida ba tare da dogon bayani ba, ba za a tsayar da shi a waje cikin tsananin sanyi ba, kuma nas ɗin ce takan tunatar da malamin motsa jiki duk lokacin da ya manta.

Inda aka yi ta kai ruwa rana shi ne jami'in ba da shawara. Aikinsa ya haɗa da zaɓa wa ɗalibi darussa, da taimaka masa wajen neman jami'a, da sauraron wanda ake cin zalinsa ko wanda baƙin ciki ya danne. Tsoron iyayenmu shi ne tonon asirin gida, kuma tsoron yana da tushe, domin a dukkan jihohin ƙasar doka ta wajabta wa ma'aikatan makaranta su kai rahoto ga hukumar kare yara idan suka yi zargin ana cutar da yaro ko an yi watsi da shi. Uban da ya saba da bulala yana iya wayar gari da baƙi a ƙofarsa. Sai dai da muka zauna da su muka fahimci iyakar abin: jami'in yana riƙe sirrin yaro, ba ya fitar da shi sai idan akwai cutarwa, ko yaron na shirin illata kansa ko wani, kuma a hali na biyun iyaye ne yawanci farkon waɗanda ake kira.

A ganina, abin da ya sauya ra'ayin jama'armu shi ne gane cewa a nan yaro ba shi da goggo ko kawu ko kaka a kusa, waɗanda a wurinku su ne yake kai wa maganar da kunya ta hana shi faɗa wa mahaifinsa. Ana cewa ɗa na kowa ne, to amma a gidan da uba ke aikin dare, uwa ke aikin rana, babu kowan da zai lura yarinya ta daina cin abinci a makaranta saboda ana yi mata ba'a kan hijabinta. Sau da yawa jami'in nan ne ke fara gani, ya kira uwar, ya kuma kira waɗanda suka yi laifin.

Rukuni na uku su ne ƙwararrun gyaran magana, da masu koya wa yaro sarrafa hannu da jiki, da masana halayyar ɗan'adam. Dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda aka fara kafawa a 1975, ta ba kowane yaro da ake zaton yana da irin wannan buƙata damar a gwada shi kyauta a makarantar gwamnati, kuma ba a fara gwajin sai da amincewar iyaye a rubuce. A da, da yawa daga cikinmu kan ƙi sa hannu don gudun kada a ce ɗansu na da taɓin hankali, har shekarun da gyara ya fi sauƙi su wuce. Wasu kuma sun daina yi wa yaro Hausa a gida bisa zaton harshe biyu ne ya jinkirta masa baki, sai ga shi ƙwararrun da kansu ke cewa a ci gaba da yi masa harshen uwa, domin ba shi ne ke kawo jinkirin ba.

Kada ka ɗauka komai na tafiya daidai. Ƙungiyar jami'an ba da shawara ta ƙasar ta ce bai kamata jami'i ɗaya ya wuce ɗalibai 250 ba, amma a jihohi da dama adadin ya zarce haka nesa, akwai kuma makarantun da ke raba nas ɗaya a tsakaninsu. Ga shi kuma yawancinsu ba su san al'adunmu ba, har wani kan ɗauki sunkuyar da kai da yaro ke yi a gaban babba a matsayin alamar tsoro ko ɓoye wani abu. Saboda haka muka mayar da shi ɗabi'a cewa a farkon shekarar karatu uba ko uwa su je su gabatar da kansu, su nemi tafinta idan Turancin bai zauna ba, wanda haƙƙinsu ne makaranta ta samar, su kuma sanar da nas kafin watan azumi cewa yaron da ya kai munzali zai yi azumi, domin a sassauta masa guje-guje a filin wasa.