Jijiyar gwiwar kare ta tsinke: dole sai tiyata?

Malam, ka ce karenka yana ɗingishi da ƙafar baya, likitan dabbobi ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, shin dole sai tiyata? Ya danganta da nauyinsa. Ƙaramin kare yakan lallaɓa da hutu da magani, amma ƙato irin na gadi, da wuya.

A aikin da ake kira TPLO ba ɗinke jijiyar ake yi ba. Saman ƙashin ƙwauri ake yankawa, a juya shi, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Sannan ka killace shi wata 2 zuwa 3, ba gudu ba tsalle. Nan wahalar take, wallahi. Ka rage masa ƙiba, don ɗaya gwiwar takan biyo baya.