Kada ka miƙa makulli sai cikon kuɗinka ya shigo

Ka ce kana aji biyu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), kun yi HTML da CSS, kun ɗan taɓa JavaScript, harsunan tsara fuskar shafin intanet, ga wani mai makarantar kuɗi yana son shafin duba sakamakon ɗalibai, kana tambaya ko abin da ka sani ya isa. Bai isa ba, ƙanena. Makin yara sai an ajiye shi a rumbun bayanai a kan saba, kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, wato sai ka iya PHP, harshen da ke aiki a kan sabar, da MySQL, manhajar rumbun, ko makamantansu. Yadda ake ɗora XAMPP, manhajar gwada su, a kwamfuta kuwa, ba zan tsaya koya wa ɗan jami'a ba.

A kan irin wannan aikin aka cuce ni a garin nan na Bauchi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Wani dattijo ne mai makaranta, sa'an mahaifina, ba ya kirana sai "ɗana". Ya ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku. Da hannuna na rubuta komai, layi bayan layi, ban jingina da WordPress, manhajar haɗa shafi a sauƙaƙe, ba duk da tun 2003 take nan. Na yi masa tsarin katin lambar sirri wanda iyaye za su saya su duba sakamako a waya. Malamansa suka kawo mini maki a takardu, yaro ɗaya an rubuta shi Muhammad a nan, Mohammed a can, Moh'd a wani wurin, ni na zauna na tace su. Man janareta da kuɗin data duk daga aljihuna.

Ana gab da hutu ya kira ni, wai iyaye sun matsa, in ba ɗan ƙanensa kalmar sirrin saba ya shigar da sauran makin, ciko kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mutum mai furfura ya ambaci Juma'a, wa zai yi masa musu? Kafin Juma'ar an sauya kalmar sirri, an goge sunana daga ƙasan shafin. Na je da manya har ofishinsa, ya dube ni ya ce, "Ai kwamfuta ce ta yi aikin, kai danne-danne kawai ka yi." Maganar nan ta fi kuɗin yi mini zafi. Ya ci gaba da sayar da katinsa kowane zango da gumina, yana kuma gaishe ni a wurin ɗaurin aure ba ko kunya.

Saboda haka ku rubuta yarjejeniya, da shaida. Ka karɓi rabi tukuna. Ka nuna masa aikin a kan sabarka, yana gani yana dannawa amma ba ya riƙe da komai. Sunan shafin haƙƙinsa ne, a yi rajistarsa da sunansa, ka kuma gaya masa duk shekara ake sabuntawa. Fayilolin kuwa su zauna a ma'ajiyarka ta GitHub, dandalin adana aikin masu rubuta manhaja, a rufe har sai ciko ya shigo.

Ku yaran yanzu matsalarku gaggawa. Ku kwafo daga ChatGPT ku manna, ya yi aiki, shi ke nan kun zama injiniyoyi. In na nuna layi ɗaya na ce me yake yi, sai sosa ƙeya. Na sha ganin ɗan digiri ya ajiye kalmomin sirrin mutane tsirara a rumbu, alhali password_hash, umarnin da ke ɓad da kamarsu kafin a ajiye, yana cikin PHP tun 2013. Wani kuma ya ɗauki abin da baƙo ya rubuta a akwatin cikewa na shafi ya cusa kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen magana da rumbun bayanai, yaron sakandare mai wayo ya shiga ya ƙara wa kansa maki. Ranar da haka ta faru sunanka ne zai ɓaci, da nawa tunda a wurina kake.

Kada ka amsa wa mutumin tukuna. Zana mini teburan ɗalibai, darussa da maki a takarda, da yadda suke haɗuwa, ka kawo shago gobe bayan la'asar. In sun yi, tare za mu je a yi cinikin.