Waigi kafin sakata

Ka tambaye ni me ya sa nake hana ka buɗe sakatar da ke kulle tirelar janareto a jikin mota alhali motar na tsaye, birkin hannu a ja. To, yarona, buɗe kunne.

Birkin hannun nan mota kaɗai ya riƙe. Da zarar ka raba su, babu abin da ke riƙe da tirela. Kumasi kuwa gari ne na hawa da gangara. Ko nan Suame, inda ido ke ce maka ƙasa a shimfiɗe take, zuba ruwa ka ga inda zai nufa. Nan tirela za ta bi, kuma abin da ya kai tan 1 ba a tare shi da ƙirji. In ta motsa, kauce ka yi wa mutane ihu. Janareto ana sayen wani.

Saboda haka waigi ne farko, gaba da bayan taya, ɓangare biyu. Katako mai kauri nake so, ba bulo ba, bulo farfashewa yake yi. Sannan ka sauke jak, ka sa masa falanki a ƙasa, don jar ƙasar nan tamu in ta sha ruwan damina haɗiye ƙafar jak take yi. Ka zare wayar fitila, ka buɗe sakata, ka ɗaga wuyan tirela a hankali har ya bar ƙwallon, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin wuyan ke zama a kai. Sarƙar da ke haɗe tirela da mota ita ce ta ƙarshe da za ka cire. In waigi ya zame, ita za ta cece ka. Kuma kada ƙafarka ta shiga ƙarƙashin wuyan nan, ko yatsanka kusa da bakinsa.

Wajen ɗaurawa akwai abin da ke cin mutane. Kayan da ke shigo mana wasu na Turai ne, wasu na Amurka. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, akwai ma ƙaraminsa da bai kai 48 ba. A ido duk ɗaya ne, a ramin hanya ne suke nuna halinsu. Karanta lambar da ke jikin ƙarfen. Bayan ka kulle, murɗa jak sama: in bayan mota ya ɗago tare da tirela, ta kama. Sarƙoƙi biyu ka gitta su ƙarƙashin wuya, don in ya kuɓuce su tallabe shi kada ya caki kwalta.

Kaya kuma su rinjaya gaban taya, kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya sauka a kan ƙwallon. In baya ya fi nauyi, za ta fara yi maka rawa a hanyar Techiman. Ranar da ta yi, kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak har ta lafa, sannan ka faka a gefe ka gyara lodi.

Tashi ka ɗauko waigin, ka kwance ta ina kallo.