Tsakuwa ta tsaga mini gilashin gaba: in gyara ko in sauya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mako biyu da suka wuce ina bin bayan wata tifa da ta yi lodin tsakuwa, sai na ji ƙas a gilashin gaba. Da na tsaya na duba, ɗan tabo ne kamar tauraro a ɓangaren fasinja, bai kai farcen babban yatsa ba, sai na ƙyale shi. Shekaranjiya na shiga motar ta sha rana, na kunna esi, ina ji ina gani wani siririn layi ya fito daga tabon ya nufi ƙasa. Yanzu ya kai tsawon yatsa, kuma tsakaninsa da bakin gilashin bai fi faɗin tafin hannu ba. Mai gilashi ya ce a sauya gaba ɗaya, abokina kuma ya ce in ɗiga masa sufa gulu in huta. Da motar nan nake kai yara makaranta. Wanne zan bi?
Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Kafin ka gama karanta wannan amsa, tashi ka goge wurin da busasshen ƙyalle, ka manna masa farin salatif ta waje. Ba zai hana tsagar tafiya ba, amma zai hana ƙura da ruwa shiga cikinta, kuma su ne suke ɓata gyara. Shawarar abokinka kuwa, don Allah ka ajiye ta. Sufa gulu yana bushewa ne a bakin tsagar, bai kai ciki ba, sannan ya toshe hanyar da maganin gaskiya zai bi.

Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne aka haɗa, da wata siririyar leda mai ƙarfi a tsakiya da ake kira PVB, wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi haka a 1909. Ledar ce ta sa ko ya fashe ba ya tarwatsewa a fuskarka. Tsakuwa yawanci fallen waje kawai take ji wa ciwo, shi ya sa ake iya gyarawa: mai gyara zai kafa wata 'yar na'ura a kan tabon, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya ɗura wani ruwan gam garai-garai, ya busar da shi da fitila ta musamman, ya kankare saman. Aikin kamar rabin awa ne. Tabon ba ya ɓacewa ɗungurungum, za ka riƙa ganin ɗan gurbinsa kamar ɗigon ruwa, amma ƙarfin wurin ya dawo kuma tsagar ta tsaya.

Da a ranar da abin ya faru ka kai ta, da tuni an wuce wurin. Abin da ya faru shekaranjiya kuwa sananne ne: fallen waje ya ɗauki zafi ya buɗe, iskar esi ta bugi na ciki ya tsuke, sai ƙarfin ya nemi wurin da ya fi rauni. Haka ma in an watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi wajen wanki, ko an faɗa rami, ko an buga ƙofa da ƙarfi alhali tagogi suna rufe.

Mutane sun fi damuwa da girman tsaga, ni kuwa inda take na fi dubawa. Ta fuskar girma, galibin masu sana'ar suna gyara tabon da bai wuce santimita 2 da rabi ba, da layin da bai wuce santimita 15 ba. Naka yana ciki. Amma akwai wurare uku da ko ƙanƙanuwa ce ba na yarda a gyara. Na farko, daidai saitin idon direba, domin gurbin gyara yana karya haske, da daddare fitilar mai tahowa ta buge shi sai ya wargaza maka gani. A Birtaniya, wajen gwajin mota na shekara-shekara, tabon da ya wuce milimita 10 a wannan yanki na gaban sitiyari yana kayar da mota, alhali a sauran wurin da waifa ke sharewa sai ya wuce milimita 40. Na biyu, idan tsagar ta ratsa har fallen ciki. Ka bi ta da farce ta cikin mota, in ya maƙale, zancen gyara ya ƙare.

Na uku shi ne ya dame ni a wasiƙarka, wato bakin gilashi. Gefen nan shi yake manne da bodi, duk murɗawar da mota take yi a kan gargada a nan take sauka. Tsagar da ta kai baki, ko ta rage kamar santimita 5, ba ta jin magani. Na taɓa ƙyale irin wannan a motata, ina cewa sai ƙarshen wata. Wata safiya na hau tudun rage gudu a hankali, na ji wata 'yar ƙara kamar an karya tsinke, kafin in kai wurin aiki layin ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Taka tana da sauran tafin hannu, kuma tafiya take yi. Saboda haka ka kai ta yau ko gobe wurin wanda yake da na'urar ɗura gam, ba wanda sauyawa kawai ya iya ba, domin kowa abin da ke hannunsa zai ce maka shi ne magani. In ya duba ya ga tsagar da tsabta, a gyara. In mako biyun nan sun sa ta yi baƙi da datti, ko ta ƙara matsawa ƙasa, ka bi maganar mai gilashinka, kada ka ja.

Kada kuma ka ɗauka don kyan gani nake matsa maka. Gilashin gaba yana cikin abubuwan da ke tallafe rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iska ta fasinja shi take fara buga kafin ta tare mutum. In gilashin ya yi rauni ko ya fita, jakar ta rasa majingina. Ka ce yara kake ɗauka, shi ya sa na tsaya a nan.

In ta kai ga sauyawa, ka tsaya a kan aikin da kanka. Duba tambarin da ke kusurwar sabon gilashin, ka tabbatar mai falle biyu ne: za ka ga an rubuta Laminated, ko AS1. Bayan an cire tsohon, leƙa ƙarfen da yake zama a kai, in akwai tsatsa a kankare a shafa maganinta tukuna, don gam ba ya kama tsatsa, kuma ta nan ruwan sama yake fara yoyo. Gam ɗin ya zama yuretan, wanda aka yi domin gilashin mota. Silikon na tagar gida ba ya riƙe gilashi a lokacin haɗari, na sha ganin wanda aka manna da shi ana tura shi da tafin hannu yana motsi. In motarka tana da kyamara a bayan madubin tsakiya, irin mai lura da layin titi ko taka burki da kanta, sai an sake saita ta, in ba haka ba za ta riƙa auna hanya a karkace.

Sannan ka tambayi mai aikin awa nawa gam ɗinsa yake buƙata kafin a tuƙa motar, wani awa 1 ya ishe shi, wani sai ya yini. Ka bar ɗan sarari a taga ɗaya, kada a buga ƙofa, kuma kada a kai ta wanki sai bayan kwana biyu. Ranar da aka manna, a nema wa yaran wata motar.