Tambaya da Amsa: Yaushe Kogi Zai Janye?

Tambaya: Ni manomin rani ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗejiya a ƙasar Ringim. Bara na shuka albasa da tumatir, amma kafin su nuna ruwa ya yi wa gonata nisa, har tiyon injina ya kasa kai masa. Shin akwai hanyar da mutum zai gane tun kaka yadda kogi zai riƙa raguwa?

Amsa: Akwai, Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ruwan da ke gudu a kogi bayan ɗaukewar damina shi ne wanda ƙasa ta sha a watannin Yuli da Agusta, take kuma tsattsafo da shi sannu a hankali. Masana ruwa sun lura cewa raguwarsa kaso take bi: idan, a misali, abin da ke wucewa ya koma rabi cikin kwana 20, to bayan wasu kwana 20 zai koma rabin wannan rabin. Shi ya sa kogi kan faɗi da sauri a farkon kaka, sannan ya daɗe yana ɗan siririn gudu a tsakiyar rairayi, kafin zafin bazara ya ƙarasa shi.

Shawarata ita ce ka kafa turke mai ƙarfi a cikin ruwan, ka yi masa tsaga a daidai bakin ruwa kowace Juma'a, ka kuma rubuta tazarar a littafi. Turken tsawon ruwa kawai yake nunawa, yawansa kuwa sai ma'aikata masu na'urar awo, amma littafin shekara biyu ko uku zai gaya maka makon da tiyonka zai fara shan iska. A shekarar fari, irin 1973 da 1984, ƙasa ba ta ƙoshi ba, saboda haka kogin daga ƙasa-ƙasa yake fara lissafin, ya kuma ƙafe da wuri.

Sai dai naku kogin yana da nasa hali. Daga Wudil zuwa gabas a kan yashi yake tafiya, yashin kuma shan ruwa yake yi maimakon ya ƙara masa. Ban da haka, tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawancin ruwan ranin da ke iso muku sakinsa ake yi, bayan gonakin noman rani na Kadawa da birnin Kano sun ɗebi nasu. Duk ranar da aka rage buɗin ƙofar madatsa, lissafin turke ya rushe, kuma a ganina nan ne manoma suka fi yin asara. Don haka kafin ku zuba iri, ƙungiyarku ta tura wakili zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ya tambayo tsarin sakin ruwa na bana, kai kuma ka haƙa 'yar rijiya a fadamar tun ƙasa tana da danshi.