Firizata tana shagonsa, ni kuma ina ta biyan bashi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Agege, sana'ata zoɓo da kunun aya. Bara, bayan an yi mana baiko da wani ɗan kasuwa, na ɗauki firiza da janareta bashi a wani kamfani, ana cirar kuɗin a asusuna duk wata. Gidanmu na haya ne, ba wuri, shi ya sa muka ajiye su a shagonsa. Da Sallah kuma na ɗauko waya, ita ma bashi, na ba shi. Yanzu an fasa auren. Na aika a karɓo kayan, ya ce ai kyauta na ba shi, kuma shi ma ya kashe mini kuɗi. Saura wata bakwai in gama biya. Yayana ya ce ko mu kai shi wurin 'yan sanda, ko ya ɗebi abokansa su kwaso. Ni kuma ina ganin in daina biya, kamfanin ya je ya ƙwace a hannunsa. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya musanya miki da mafi alheri. A cikin ukun nan babu wadda zan ce ki ɗauka, kuma taki shawarar ta fi ba ni tsoro.

Kamfanin bai san wani baiko ba. Sunanki ya sani, da sa hannunki, da lambar BVN ɗinki. Ranar da kika daina biya, ke za a nema, ba shi ba, kuma ana iya kai sunanki kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral. Gobe ki nemi jari a banki a ce ba ki biyan bashi, shi kuwa yana can yana sayar da ruwan sanyi da firizarki. Ki ci gaba da biya. Kowane alat na cirar kuɗi shaida ce a hannunki.

Ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ki duba abu ɗaya. In sayar miki aka yi, ana bin ki kuɗi, kayan naki ne tun ranar da aka kawo su. In kuwa irin yarjejeniyar nan ce da kaya ke zama na kamfani sai an biya kuɗin ƙarshe, to har yau ba su zama naki ba, kuma wannan ma ya taimake ki: yaya za a ce kin yi kyautar abin da ba ki gama mallaka ba? Sai dai irin wannan takarda takan hana kai kayan wani wuri ba da sanin kamfani ba, don haka ki karanta kafin ki je musu da labari.

Sai asalin rigimar: kyauta ce ko ajiya? A doka, kyauta tana tabbata in mai abu ya yi niyyar bayarwa har abada, kuma ya miƙa. Wayar nan ta cika duka biyun. Da Sallah kika ba shi, da hannunki. Ni dai zan ce ki haƙura da ita, ko da ciwo a ce kina biyan kuɗin wayar da ake kiran wata da ita. Ko a addini, kin san hadisin da ya kamanta mai karɓe kyautarsa da karen da ke komawa ga amansa.

Firiza da janareta daban ne. Alƙali zai so ya ji: zoɓon wa ake sanyayawa a ciki? Wa ke zuwa da safe ya jera robobi? Wa ke sayen fetur? Ki koma WhatsApp ɗinki ki bi hirarku tun daga ranar da aka kawo kayan. Saƙo ɗaya da ya rubuta “firizarki ta daina sanyi” ko “yaushe za ki zo ki ɗauki kuɗin kununki” ya fi shaidu uku. Kada ki goge komai don haushi, kada kuma ki sayar da wayar da saƙonnin ke ciki. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da irin wannan hujja, in an gabatar da ita yadda ya tsara. Ki haɗa da rasit, da lambar da ke jikin kowane inji, da mai motar da ya kawo kayan in za a same shi.

Zancen ya kashe miki kuɗi kuwa, magana ce ta daban. In kayan baiko yake nema, manyan da suka kawo su san yadda ake mayarwa. Ba ki ba shi firizar jingina ba.

Shawarar yayanki fa? In suka shiga shagon mutum suka kwashi kaya da ƙarfi, shari'ar ta juya, mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. 'Yan sanda kuma ba masu karɓo bashi ba ne: sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓanin ciniki ko yarjejeniya kawai. Sai fa in ya sayar da kayan bayan ya san amana ce, nan kam an fara shiga laifi.

Abin da za ki fara yi yau shi ne rubuta masa takarda, gajera, ba zagi: ga kayan, ga lambobinsu, ga ranar da aka ajiye, ki ba shi kwana 14 ya miƙa. Ki riƙe kwafi, ki tura hotonta ta waya. Ƙarar riƙe kayan wani ba ta tsayuwa sai an nuna an nema, an hana.

In ya yi shiru, a kai maganar gaban limaminku ko fadar Sarkin Hausawan Agege. Ɗan kasuwa yana jin kunyar a kira shi gaban manya fiye da sammaci. Akwai kuma cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jihar Legas, Citizens' Mediation Centre, wadda ke aiki kyauta tun 1999. Ki tuna nan ba Kano ba ce, babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, don haka in sulhu ya ƙi, kotun majistare za ki nufa ki nemi a ba ki kayan ko kuɗinsu. In kuma ya amsa a rubuce zai biya kuɗi kaza sannan ya saɓa, ya zama bashi tsantsa: sai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2018 don abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, wadda aka tsara ta gama shari'a cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Doka ta ba ki shekara 6 ki shigar da ƙara, amma janareta ba ya jiran shekara 6.

Ranar karɓa ki tura yayanki da dattijo ɗaya, ba gayya ba. A tayar da janaretan a gaban kowa, a jona firizar a ga tana sanyi, a duba lambobin su dace da rasit, sannan kowa ya sa hannu.